Akwatin da ke cin dala ashirin-ashirin a bakin layinmu

Uwar Biyu: Salamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, raina ne a ɓace. Jiya da la'asar na aiki yarona da jika biyu ya sayo mini mai da magi da tattasai. Har aka kira magariba shiru. Ƙanwarsa ce ta gano shi a wani shago bakin layinmu, su biyar sun kewaye wani akwati mai fitilu da hoton lemu da kankana, ana jefa dala ashirin ana danna maɓalli. Ashe ya canza kuɗin cefanen kaf ya zuba. Dala goma ta rage a aljihunsa. Shekararsa 13. Na je wurin mai shagon, ya ce shi ba nasa ba ne, ajiye masa aka yi, duk sati masu shi suna zuwa su buɗe su ba shi kasonsa. To wa ya ba da izinin ajiye irin wannan abu cikin unguwa? Kuma wurin wa ake kai kuka?

Mai Shayin Zariya: Innalillahi. Sannu Yaya. Allah ya shirya mana zuri'a.

Ɗan Kabu-kabu: Yaya sannu, amma gaskiya yaro ne ya yi garaje. Abin yana da lokaci. Ni na sha ci. Ranar nan da dala ashirin na kwashi jika uku, kowa na kallo. In ka ga mutane sun zuba sun zuba bai ba da ba, to ya cika, sai ka shiga.

Mushe Ritaya: Ɗana, tambaya guda zan yi maka. Ranar da ka ci jika uku ka riƙe ta a ka. Nawa ka zuba daga ƙaramar salla zuwa yau?

Ɗan Kabu-kabu: Kai Mushe, wa ke lissafin wannan 😂

Mushe Ritaya: Mai akwatin yana yi. Shi kaɗai ne a cikinku ke yi.

Matashin Mokoyo: Ni ban ga abin dogon zance ba. Mu taru bayan isha mu fito da shi mu farfasa, shi kenan.

Kawu na Bagalam: A'a yaro, kada in sake jin wagga magana. Ina nan garin Maradi cikin watan Nuwamba na 2000, lokacin rigimar FIMA, bikin nunin tufafi, da mutane sunka fita sunka afka ma gidajen giya da rumfunan caca. Wuta ba ta tsaya inda anka nufa ba, har coci ta ci, kuma an kama mutane. Cacar ta ƙare? Ga ta nan muna zancenta bayan shekara ashirin da wani abu. A bi ta hannun mai unguwa.

Ɗan Jami'a: Kawu ya yi gaskiya. Yaya, maganar mai shagon nan ta "ajiye mini aka yi" ta sa ni dariya, don da ita abin ya fara tun asali. Wani makaniki ɗan asalin Jamus mai suna Charles Fey, mazaunin San Faransisko a Amurka, shi ya ƙera injin da duk waɗannan suka gada, kafin shekarar 1900. Sunansa Liberty Bell. Ganguna uku ne a ciki masu juyawa, a jikinsu hoton ƙararrawa da takalmin doki da alamomin karta. Ka jefa santi 5 ka ja hannu, in ƙararrawa uku suka jeru ya zubo maka santi 50. Fey bai yarda ya riƙa sayar da injinan ba. Sai ya ajiye su a mashaya, a raba riba da mai wurin. Kun ga mai shagon layinku bai ƙirƙiro komai ba.

Kafin shi ma akwai na kamfanin Sittman and Pitt a Niyok, a 1891, mai ganguna biyar da hoton karta. Karta ai 52 ce, amma 50 suka saka, suka cire biyu don babban ci ya yi wuya. Shi ba ya zubo kuɗi, mai mashaya ne ke ba ka taba ko abin sha in ka ci.

Mushe Ritaya: Ka ji ko, Ɗan Kabu-kabu? Tun ranar suna aka cire karta biyu.

Uwar Biyu: To lemu da kankanar fa? Ni abin da ya fi ƙona mini rai kenan. Kamar don yara aka yi shi.

Ɗan Jami'a: Yaya, wannan ɗin dabarar kauce wa doka ce. San Faransisko ta haramta injinan a 1909, wasu wurare suka bi. Sai masu ƙerawa a Shikago suka ce ai namu ba caca ba ce, cingam muke sayarwa. Suka cire hoton karta suka sa ƴaƴan itace, wai ɗanɗanon cingam ɗin da za ka samu kenan. Ka jefa kuɗi cingam ya faɗo, in ɗan sanda ya zo a nuna masa alawa. Cingam ya tafi tuntuni, hoton ya zauna. Shi ya sa har yau Ingilishi ke kiransa injin ƴaƴan itace. Amurkawa kuwa suka raɗa masa ɗan fashi mai hannu guda, saboda hannun nan da ake ja.

Mai Shayin Zariya: Ɗan fashi mai hannu guda 😂😂 wallahi sunan ya zauna.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Tarihi yana da daɗin ji, amma kada ya ɗauke mu daga asalin magana. Allah ya ambaci caca a Baƙara aya ta 219, ya ce a cikinta da giya akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubin ya fi amfanin girma. Sannan a Ma'ida aya ta 90 da 91 ya yanke: ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, ku nisance ta. Ya kuma faɗi abin da take haifarwa, gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Ga shi an kira magariba yaro yana gaban akwati. Ko da cingam, ko da lemu, ko da takardar hukuma, sunanta caca. Kuma kason da mai shago ke karɓa duk sati, ya sani ba halal yake kai wa gida ba.

Ɗan Jami'a: Allah gafarta Malam, a kan hukunci babu mai ja. Inda nake so a duba shi ne ta yaya ake raba shi da unguwa. Guduma an gwada ta. A 1934 magajin garin Niyok, La Guardia, da hannunsa ya ɗauki guduma ya farfasa injinan gaban ƴan jarida, aka loda su a jirgin ruwa aka zubar a teku. Babban mai su, wani ɗan daba Frank Costello, sai ya kwashe sana'arsa ya koma New Orleans. Ita kuwa jihar Nebada tun 1931 ta halatta caca, ta ce a zo a yi a fili ta karɓi lambo. Las Begas a kan haka ta ginu.

Malam na Limanci: To ka ga wannan ba hujja ba ce. Ɓarawo ma in an kore shi daga Sabon Gari yakan koma Ali Ɗan Sofo. Sai a ce a ba shi takarda ya riƙa biyan lambo?

Ɗan Jami'a: Ban ce haka ba Malam.

Malam na Limanci: Can maganar ta nufa, ɗana.

Mai Gyaran Tele: Ku ba ni wuri in faɗi abin da idona ya gani. An taɓa kawo mini irinsa gyara, ba zan faɗi wa ya kawo ba. Na buɗe baya. Babu wata ganga, babu komai mai juyawa. Allo ne ɗan ƙarami irin na cikin tele, da wayoyi, da fitilu, da bokitin da tsabar kuɗi ke taruwa. Akwai wurin saiti da mai makulli kaɗai ke shiga, a nan ake gaya wa injin yadda zai riƙa saki. Mutumin da kansa ya ce mini in an kai sabon wuri sai a sassauta, mutane su ci su baza labari, in an saba sai a ɗaure. Na gyara masa waya na karɓi kuɗina, amma har na kwanta abin na damuna.

Ɗan Kabu-kabu: Haba. Wato ranar da na ci jika uku...

Mai Gyaran Tele: Sati na nawa da kawo shi?

Ɗan Kabu-kabu: Bai fi kwana huɗu ba.

Mai Shayin Zariya: Tsaba aka watsa wa kaza 😂

Mushe Ritaya: Ku bar yi masa dariya, ya fi waɗanda ke yi a ɓoye. Bari in ɗauko alli, shekara talatin ina wannan aiki.

Mu ɗauka injin na gaskiya ne, ba a taɓa saitinsa ba, kuma yana mayar da kashi 90 cikin 100 na abin da aka zuba. Za ka ce ai da sauƙi, dala ashirin kacal ake ci a jika. To amma wa ke jefa jika guda ya tashi? Abin da ya dawo shi kake sake zubawa. 1000 ta zama 900. 900 ta zama 810. Sai 729, sai 656, sai 590, sai 531, sai 478. Zagaye bakwai, fiye da rabi ya tafi. Kuma danna maɓalli daƙiƙa nawa ne? Kafin Mai Shayi ya sauke na biyu an gama da kai. In kuwa kashi 75 yake mayarwa, 1000 ta zama 750, ta zama 562, ta zama 421. Zagaye uku kenan.

Sai zancen "ya cika, yanzu zai ba da". Injin da aka yi bisa ƙa'ida ba ya tuna abin da ya wuce. Kowane dannawa sabuwar ƙuri'a ce, kamar ka jefa kwabo sama. Ko sau goma ya faɗi ta fuska guda, na sha ɗaya bai san da haka ba. Wanda kuma ba a yi bisa ƙa'ida ba, ai kun ji daga bakin mai gyara wa ke riƙe da linzaminsa.

Ɗan Jami'a: Mushe, in ƙara a kan naka. Na dā mai ganguna na gaske yana da iyaka. In kowace ganga tana da hoto 20, to 20 sau 20 sau 20, hanya 8000 ce kawai. Mai injin ba zai iya alkawarin miliyoyi ba, zai karye. A 1963 kamfanin Bally ya fito da Money Honey mai aiki da lantarki, yana iya zubo tsaba har 500 da kansa. A 1976 aka yi na farko mai allon tele. Amma wanda ya juya abin gaba ɗaya wani masanin lissafi ne ɗan Norwe, Inge Telnaes, da ya sami takardar mallakar dabararsa a 1984. Kwamfuta ce ke zaɓen lamba, hoton da kake gani yana juyawa rakiya ce kawai. Ido na ganin hoto ashirin da ƴan kai, a ciki kuwa ana iya sa gurbi 256 a kowace ganga.

Mushe Ritaya: 256 sau uku a jere, 16,777,216. Kusan yawan mutanen jihohin Maradi da Damagaram da Tawa a haɗe ake magana, a ce a zaɓi mutum guda.

Ɗan Jami'a: Kuma da wannan dabara ana iya sa babban hoton ya riƙa tsayawa dab da layi, sama kaɗan ko ƙasa kaɗan, ka ce kash, saura ƙiris. Alhali lambar da aka zaɓa ko kusa ba ta yi ba.

Uwar Biyu: Wallahi kalmar da yaron ya yi ta maimaitawa kenan yana kuka. "Inna saura ƙiris in mayar." Na ɗauka ƙarya yake shirya mini.

Sister ta Asibiti: Ba ƙarya yake ba Yaya, haka ya ji a ransa. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam, Skinner, da ya yi gwaji da tantabaru. In tantabara ta san duk saran da ta yi hatsi zai faɗo, tana ƙoshi ta bari. In kuwa wani lokaci ya faɗo wani lokaci babu, ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta sara ba ji ba gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Don haka duka kaɗai ba ya raba yaro da ita. A rage aikensa da kuɗi ta wannan layin na ɗan lokaci, a kuma san da wa yake yawo.

Uwar Biyu: Babansa ya riga ya zane shi jiya, ban iya hanawa ba. Amma na ji, Allah ya saka.

Alhajin Kwatano: Ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Mai shago yana zaune ciniki ya ja baya, haya na jiransa, kuɗin wuta na jiransa. Wani ya zo ya ce ba ka sa ko dala, ba ni kusurwa da soket kawai. Sai mai tsoron Allah sosai zai ce a'a. Ba ina wanke shi ba ne. Ina cewa in za a kama, a bi igiyar har wurin mai shigo da su. Kenya a 2018 ministan cikin gidansu Matiang'i ya sa an bi ƙauyuka da unguwanni an kwashe irin waɗannan akwatuna an cinna musu wuta. Can ma kukan iyaye ne ya jawo, yara na satar kuɗin gida.

Na Jibiya: Mu nan ƙetare, Najeriya, doka ma akwai. Jihohin arewa sun ɗauki shari'a tun wajen 2000, caca haramtacciya ce a rubuce. A 2024 Hisba ta Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo ta rufe. A ƙarshen shekarar kuma Kotun Ƙoli ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ta yi nata. To an rufe shago, sai me? Yaran sun koma cikin waya. Injin nan naku mai lemu da kankana yana nan cikin salula, ba ya buƙatar kusurwar kowa.

Malam na Limanci: Duk da haka rufewar ta fi bari. Yaro ɗan shekara 13 da aka aika sayen magi ba shi da salula, akwatin bakin layi ne ya tare shi. Abin da ido bai gani ba zuciya ba ta kwaɗayinsa.

Ɗan Jami'a: A nan kam na bi Malam. Norwe ma haka ta gani. A 2007 ta kwashe injinan kaf daga shaguna da tashoshi. Daga baya kamfanin gwamnati ya kawo nasa, sai da kati mai sunanka za ka buga, kuma akwai iyakar abin da za ka iya asara a rana da a wata, in ka kai ya rufe maka. Rasha a 2009 ta kore su daga birane sai wasu yankuna ƙalilan. Ingila kuwa akwai wasu injina a shagunan caca da mutum ke iya zuba fam 100 a dannawa guda. A watan Afrilu na 2019 aka mayar da shi fam 2. Har wata minista, Tracey Crouch, ta ajiye aiki a 2018 don ta ga ana jan ƙafa wajen zartarwa. Ita Nebada da ta halatta, dokarta ta ce injin kada ya mayar da ƙasa da kashi 75, sai an gwada shi kafin a kafa, kuma wanda bai kai shekara 21 ba ba ya kusantarsa.

Mushe Ritaya: Kashi 75 ɗin da na lissafa muku ɗazu, zagaye uku. Wannan shi ne wanda doka ta tsare. To ku auna wanda ba mai buɗe bayansa sai mai makulli.

Matashin Mokoyo: To wai mu nan ƙasar ba mu da doka ne? Kowa sai Amurka, sai Ingila.

Ɗan Jami'a: Muna da ita. Cacar da hukuma ta sani a hannun LONANI take, kamfanin caca na gwamnatin Nijar, ita ke da rumfunan PMU da kuke gani ana cika takardar dawakin Faransa. Ba kowa ne zai sayo akwati ya dasa inda ya ga dama ba. Abu na farko da za a tambayi mai shagon shi ne takardar izini, da sunan wa, kuma ta wane wuri ce.

Malam na Limanci: Ni ko ya fito da takarda mai hatimi goma, ra'ayina bai canza ba.

Kawu na Bagalam: Malam, ba a ce ka canza ba. Kai ka yi naka a mumbari ran Juma'a, mu mu yi namu wurin mai unguwa. In takarda babu, magana ta ƙare, sai komisariya. In akwai, sai mu tambaya ko takardar ta ce a tara yara ƙanana. Ɗiyata, gobe bayan azahar ki sa maigidanki ya same ni, mu tafi da Mushe. Kada a tafi da taron samari.

Matashin Mokoyo: Kawu ni fa?

Kawu na Bagalam: Kai ka zauna gida da gudumarka.

Alhajin Kwatano: 😂 Kawu ba ya mantuwa.

Ɗan Kabu-kabu: Mushe, na zauna na ɗan yi lissafin nan da ka ce. In na ce dala ɗari kullum, wasu ranaku fiye, daga ƙaramar salla zuwa yau... kai. Kuɗin taya biyu da juyen mai ne har da canji. Kuma mai babur ɗin jiya ya yi mini maganar balas.

Mushe Ritaya: Ka cire jika ukun da ka ci, kada ka zalunci akwatin.

Ɗan Kabu-kabu: Ai ita ma a ciki ta kwana, Mushe. Washegari na mayar.

Uwar Biyu: Salamu alaikum, ga yadda aka yi. Su Kawu sun je da mai unguwa. Mai shagon bai yi gardama ba, ya ce shi ba a taɓa nuna masa wata takarda ba, lambar waya kawai yake da ita. An kira, mutumin ya ce yana tafiya sai ran Alhamis. Mai unguwa ya sa an cire shi daga wuta an juya fuskarsa bango, ya ce in Alhamis ta wuce ba takarda shi da kansa zai kai maganar gaba. Mai shagon ya mayar mini da jika guda daga aljihunsa, ya ce kason da ya san ya ci kenan. Na karɓa. Sai dai ƙanwar yaron ta ce mini akwai wani irinsa a wani gareji hanyar lakwal ɗinsu, shi hoton dabbobi ne da shi.

Kawu na Bagalam: Wace unguwa? Ki turo mini ta gefe, kada ki sa a nan.

Mai Gyaran Tele: Kawu, don Allah ran Alhamis in sun zo da makulli a kira ni. Ina so a buɗe saitin gaban mai unguwa, Mushe ya karanta mana lambar da ke ciki.

Mushe Ritaya: Zan zo da tabarau.